Ɗanasabe da Gonar Kaka Shatu

Duk wanda ya kalli ƙwallon ɗalibai a Damagaram 'yan shekarun nan ya san Ɗanasabe, mai tsaron ragar jami'a, wanda 'yan kallo suka raɗa wa suna Ƙyaure. Idan ya tsaya tsakanin sandunan nan biyu, kamar an rufe ɗaki ne an tafi da mabuɗi. Dogo ne siriri, ga dogayen hannuwa. Mahaifiyarsa ta daɗe tana faɗa da tela a kan hannun rigar salla kafin ta gane laifin ba na tela ba ne. Amma a Zangon Maje, ƙauyensu da ke cikin karkarar Yekuwa, idan za a ba da labarinsa ba daga raga ake ɗaukowa ba. Daga gonar Shatu ake farawa.

Shatu matar ƙanen kakansa ce, don haka kaka ce a wurinsa, kuma akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta, shi kuma da ya yi baki ya riƙa ce mata amarya. Mijinta na gaskiya ya daɗe da rasuwa. Ɗanta tilo, Yunusa, ya bi samari cin rani yana ɗan shekara goma sha biyar, aka ce an gan shi a Agadas, daga nan labari ya yanke. Abin da ya rage mata shi ne gida mai ɗaki biyu da gona ɗaya a bakin gari, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda a shekara mai kyau take ba ta dami sittin na gero, ban da wake.

Ɗanasabe yana aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, aka kawo musu sabon malami, Mushe Zakari (Mushe ake ce wa malamin lakwal), wanda ya sauka daga amalanke da akwati a hannu ɗaya da ƙwallon fata a ɗaya hannun. Yaran garin ba su taɓa taɓa ƙwallon da ba ta tsumma ba. Sai dai ƙwallo na son fili, fili kuwa a Zangon Maje duk gona ce. Da aka gama girbi, Mushe ya bi gida-gida yana roƙon aron gona zuwa faɗuwar ruwa. Kowa ya ba shi haƙuri, domin kowa yana jiran shanun Fulani su kwana masa a gona su bar masa taki. Shatu ce ta aika aka kira shi. Ta tambaye shi abu ɗaya: su wa za su yi wasan? Ya ce duk yaron da ke zuwa lakwal; wanda ya bar aji ya bar ƙwallo. Ta ce, "To, ku je ku yi a tawa."

Yara ashirin da biyu suka shiga gonar nan kamar fara. Suka tumɓuke tushiyar gero, suka tara suka cinna wuta. Shanu kuwa ko leƙowa suka yi, da jifa ake raka su. Babban abokin gabarsu shi ne gawo. Akwai kututturan gawo birjik a gonar, kowace shekara suna fitar da toho mai ƙaya, kuma ranar farko ma ƙaya ta sace iskar ƙwallon Mushe. Tun daga ranar Ɗanasabe ya ɗauki yaƙi da tohon gawo. Da gatarin babansa yake zuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bana da baɗi. Guda biyun da suka fi kauri ma shi ya sare su ya kafa a matsayin sandunan raga, yana ta alfahari.

Kowace damina Shatu ta shuka gonarta, kowace kaka ta sake ta ga yara. Dami sittin ya koma arba'in, arba'in ya koma ashirin da 'yan kai. Tsakiyar gonar ta yi fari fat, ta ƙeƙashe, ruwa ya sauka ya gudu bai shiga ba. Mutanen gari suka ce gonar ta gaji, wasu suka ce baki aka yi mata. Ita kuwa idan ta haɗu da Ɗanasabe a hanyar rijiya sai ta ce, "Ga mijin kirki nan, rumbun matarsa ya kusa zama akurkin kaji, shi yana can yana birgima a ƙasa." Shi kuma ya ce, "Amarya, yi haƙuri, in na girma buhu-buhu zan sauke miki." Su yi dariya, kowa ya wuce.

Kan yaron yana ja. Ya ci jarrabawa ya tafi kolej a Magariya, ya zarce lise, ya samu bak, wato shaidar kammala sakandare, gwamnati ta ba shi bursi na karatu ya shiga jami'a a Damagaram, inda ya zaɓi karatun ƙasa da tsirrai. Ko'ina ya je raga tana jiransa. Da safe aji, da la'asar fili, kuma bai taɓa yarda ɗaya ya ci ɗaya ba, don muryar Mushe Zakari tana kunnensa: wanda ya bar aji ya bar ƙwallo. A shekararsa ta biyu aka yi wasan ƙarshe na gasar ɗalibai, aka tashi babu ci, aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ya kama uku cikin biyar. Ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa har ɗakin kwana, samarin Zangon Maje kuma suka taru a kan wayar salula ɗaya suna kallon hotonsa har batir ya mutu.

Da ya zo hutu ya kai wa Shatu turmin atamfa, ya nuna mata hoton kofin. Ta kawo shi kusa da ido, ta kai shi nesa.

"An ce kamawa ka yi. Me ka kama?"

"Balo, amarya. Har sau uku."

"Ana dafawa?"

Ya ce ba a dafawa. Ta ce to Allah ya sa albarka duk da haka, ta ba shi gyaɗa soyayya a ƙullin leda. Ya lura hannunta ya rame, amma ya ɗauka tsufa ne.

A shekara ta uku ne wani malaminsu ya kwashe su zuwa bayan gari don su ga mataccen fili da idonsu. Malamin ya buga ƙasar da diddige, ta yi ƙara kamar daɓe. Ya ce gonar jigawa ba ta mutuwa haka kawai. A kwashe mata tushiya da kara, iskar rani ta ɗebe ƙasar sama. A hana dabba kwana a kanta, ta rasa taki. A sare tohon gawo, wanda ganyensa ke ciyar da ita, ba abin da zai riƙe ta. In aka ƙara da tattakewa, to an gama. Ɗalibai suna ta rubutu. Ɗanasabe kuwa alƙalaminsa ya tsaya, don yana lissafawa da yatsu, kuma duk abu huɗun nan da hannunsa da ƙafarsa ya yi su, shekara da shekaru, a gonar tsohuwar da ta ba su wurin wasa kyauta. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Da la'asar ɗin nan ƙwallo uku suka shige shi, har mai horar da su ya tambaye shi ko zazzaɓi yake.

Ana cikin azumi ya samu kwana biyu ya taho gida. A ƙofar gidan Shatu ya tarar da babur. Maikuɗi ne, ɗan wanta, mai shago a kasuwar Dungas. Ba mugun mutum ba ne. Shekara uku ke nan shi ke aiko mata da hatsi. Bara dami tara ta samu, kuma tun kafin azumi ya kama rumbun ya koma fayau. Maikuɗi ya zo da shawara: masu bulo suna son filin, a sallama musu, ita kuma ta koma Dungas wurin iyalinsa ta huta. Shatu tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Abin da ta ce kawai shi ne, "In Yunusa ya dawo, wa zai tarar?"

Ɗanasabe ya durƙusa ya gaida Maikuɗi, ya ce, "Baba, a ba ni damina ɗaya."

"Ka yi me da ita? Wurin nan ko ƙaya ta daina fitowa."

"Karatun da aka tura ni ke nan. A bar ni in gwada."

Maikuɗi ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan lakwal, ba na ƙin taka. Damina ɗaya. In gonar ta ba Gwaggo abin da zai kai ta wata kaka, na janye maganata. In ba ta ba ta ba, da kaina zan zo da amalanke, kuma ba wanda zai ce na yi mata dole."

Ɗanasabe ya so ya faɗa wa Shatu gaskiya a ranar, bakinsa ya yi nauyi. Sai ya ce mata aikin kammala karatunsa ne yake son yi a gonarta. Ya zaci za ta yi murna. Me zai ji? Ta ce ba wanda zai sa diga a gonar sai an samar wa yaran gari wani filin tukuna. Ya yi bayani, ya ce ruwa ya kusa, kowace rana tana da daraja. Ta ce ta ji, amma magana ɗaya ce. Ya fita yana mamakin taurin kan tsofaffi.

Samarin garin kuma da suka ji Ƙyaure da kansa zai farfashe filin ƙwallo, sai suka juya masa baya. Waɗanda suka kashe batir a kan hotonsa su ne suka ce ya ci moriyar ganga zai ya da kwaurenta. Wannan ta yi masa ciwo, ya kuma haɗiye. Shi da Mushe Zakari, wanda yanzu furfura ta cim masa, suka je wurin Maigari. Maigari ya ba su tsohon fagen kasuwa da ke bayan lakwal, tsandauri mai tsakuwa wanda tun kakanni ba a taɓa shuka shi ba. A makon ne kuma wata ƙungiyar ƙwallo ta Yamai ta aiko tana so ya je gwaji bayan salla. Ya karanta saƙon sau uku, ya amsa da godiya, ya ce yana da aiki a gida.

Bayan ƙaramar salla ya dawo da 'yan wasan jami'a goma sha huɗu a bayan wata tsohuwar mota. Kwana huɗu suka yi suna tsince tsakuwa a fagen kasuwa, suka kafa sandunan ƙarfe, sannan suka buga wasa da samarin gari, 'yan jami'a suka ci biyu, 'yan gari suka ci ɗaya. Har yau ana gardama a kan ɗayan nan, wasu na cewa Ƙyaure da gangan ya buɗe. Washegari samarin da suka yi fushi suka fito da diga da kwando ba tare da an kira su ba. Maigari ya sa aka buga gangar gayya, mata suka dama fura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin ba na wasa ba ne, ga zafin bazara. Ramuka ake haƙawa a jere, zurfin taƙi ɗaya, a tara ƙasar a gefen da ruwa ke gangarawa, a zuba taki tafi biyu a ciki. Manoma suna kiran su tassa. Inda ƙasa ta fi tauri, wato bakin ragar da Ɗanasabe ya shekara biyar yana daka da ƙafa, sai aka yanka manyan ramuka masu siffar rabin wata. 'Yan birnin nan masu gudun minti casa'in ba su kai azahar ba tafin hannunsu ya yi ƙuraje, 'yan matan gari suna kawo ruwa suna tambayarsu ko a aiko musu da lalle. Amalanke bakwai na taki aka zuba, kowane gida ya ba da abin da zai iya, aka bi saman ƙasar da kara aka rufe.

Saura gawo. Mutane suka ce ai babu ko ɗaya, an gama da su. Ɗanasabe ya shiga gonar, ya taka nan ya tona, ya taka can ya tona. Kututture talatin da ɗaya ya fito da su, duk da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Abokansa suka yi ta mamakin irin ilimin da ake koyarwa a sashensu. Bai gaya musu cewa babu wanda ya san mazaunin kututture kamar wanda ya shekara biyar yana sare shi ba. Ya yayyaga rigarsa ja ta tsaron raga, wadda ya ci kofi da ita, ya kafa tsinke a gindin kowane kututture ya ɗaura ƙyalle, don kada mai noma ya kai musu hauya.

Ruwan shuka ya sauka farkon watan shida. Aka shuka gero a cikin ramukan, wake a tsakani. Sai sama ta ɗauke, kwana goma sha tara ko ɗigo. Ɗanasabe yana Damagaram yana jarrabawar ƙarshe, kullum bayan azahar sai ya kira Mushe Zakari, kullum amsar ita ce ba hadari. Bai taɓa jin tsoron ɗan wasan gaba kamar yadda ya ji tsoron sararin saman nan ba. A rana ta goma sha biyar Mushe ya ce masa shukar gonakin maƙwabta ta fara ƙonewa, wasu har sun fara neman irin sake shuka. Ɗanasabe ya kasa tambaya. Mushe ya bar shi ya ɗan sha wuya, sannan ya ce, "Taka kuwa tana nan kore shar a cikin ramukanta. Maigari ma ya je ya sa yatsa, ya ce da danshi."

Da kaka ta yi, Maikuɗi ya zo da amalanken da ya yi alkawari. Shi da kansa ya tsaya ana ɗaure dami yana ƙirgawa, ya kai arba'in da uku, ya sake ƙirgawa. Ya cire hula ya sosa kai ya yi dariya, ya ce tunda ya riga ya kawo amalanke, bari a yi amfani da shi. Da shi aka yi jigilar geron zuwa rumbun Shatu.

Yau Ɗanasabe malamin gona ne. Yana yawo a babur tsakanin Yekuwa, Guci da Dungas yana nuna wa manoma yadda ake haƙa tassa da yadda ake barin toho biyu ko uku a kan kututture a gyara su su zama bishiya. Ranar Juma'a da la'asar yana fagen kasuwa yana horar da yara, da dokar Mushe Zakari ba canji. Bai je Yamai ba, kuma in an tambaye shi yakan ce wani lokaci abin yana faɗo masa a rai. Amma in ka ce ya faɗi ranar da ta fi kowace a rayuwarsa, ba ranar kofi zai ambata ba. Ranar da aka cika rumbun nan zai ba ka labari.

Da aka ɗora dami na ƙarshe, mutane suka watse, ya rage daga shi sai ita a gindin rumbu, rana ta yi sanyi. Ya durƙusa a gabanta, ba wasa a fuskarsa.

"Kaka, akwai maganar da na ɓoye miki. Gonarki ba gajiya ta yi ba, ba kuma baki aka yi mata ba. Mu muka kashe ta. Ni na fi kowa, ni na sare gawon. Yunwar da kika sha shekarun nan, da hannuna a ciki. Ki yafe mini."

Shatu ta ci gaba da murza zangarniya a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta jefa tsabar a baki.

"Sai da ka je Damagaram aka faɗa maka? Ni tun damina ta uku na sani. Shekara hamsin ina noma, a ce ban san abin da gawo ke yi wa gona ba?"

"Kin sani? To me ya sa ba ki kore mu ba?"

Ta kalli hanyar da ta fita gari.

"Yunusa ba yunwa ta kore shi ba, a lokacin rumbunmu cike yake. Zaman banza ne. An gama girbi, yaro ya wuni a gindin bishiya, wata bakwai ba abin yi, sai wani ya zo da agogo da rediyo ya ce tashi mu tafi. Da Mushe ya ce sai mai zuwa lakwal zai yi balo, na ce ga abin da zai riƙe su. Ku nawa kuka fara?"

"Ashirin da biyu."

"Nawa suka bi hanya?"

Ya lissafa a zuci, suna bayan suna. "Uku. Biyu ma sun dawo."

"To ka gani. Gero ya tafi, ku kuka zauna. Ban taɓa yin nadama ba, ko ranar da na kwana da ruwan kanwa."

Nan ya gane dalilin da ya sa ta hana a sa diga sai an nemo wani fili. Ya so ya yi godiya, kalmomin da ya sani duk suka yi masa ƙanƙanta, hawaye suka riga su fita. Ya daɗe yana ganin kansa mai gyara ɓarna, bai san tun yana ɗan shekara takwas tsohuwar nan take ciyar da shi da abincin bakinta ba.

"Share idonka, kar a ce na doki mijina," in ji ta. "Ni ce da godiya. Ka ce buhu-buhu za ka sauke mini, ga shi ka sauke. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Ya ce amin. Ta miƙa masa hannu ya tashe ta, ta dafa rumbun ta ji shi cike, ta leƙa gonar inda jajayen ƙyallaye ke kaɗawa a kan tohon gawo da ya kai gwiwa.

"Yaran gari sun zauna, gero ya dawo, gawo ma ga shi ya dawo," ta ce. "Saura mutum ɗaya."

Ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar gida, inda ake hango hanya.